Haƙƙin Wanda Ya Bar Shaye-shaye A Kan Jama'arsa

Tun daga farkon watan Mayu na shekarar 2018, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta haramta sarrafa maganin tari mai kodin da shigo da shi, bayan kafar BBC ta nuna wa duniya yadda kwalaben ke fita daga masana'anta har su faɗa hannun yara a Kano, da wuya wata guda ya shige ba mu ji an kama dila ba, ko an tare mota a kan hanya, ko an tara kaya an cinna musu wuta a gaban manyan baƙi. Wannan aiki ne na alheri, kuma jami'an hukumar NDLEA da ke sa rayukansu cikin haɗari dominsa sun cancanci addu'ar kowa. Amma duk wanda ya zauna da iyayen da wannan ibtila'i ya shiga gidansu, ya ji yadda muryarsu ke sauka idan an ambaci sunan ɗansu, ya san cewa kwalbar da aka ƙone ba ta warkar da wanda ya riga ya kamu, kuma akwai wani sashe na wannan mas'ala wanda ba a cika ɗauko shi a kan mumbari ko a jarida ba, watau halin mutumin da Allah ya taimake shi ya ajiye ƙwaya, ya wayi gari cikin unguwar da ta san shi da ita, yana neman yadda zai kai daren ranar bai koma ba.

Yawan waɗanda abin ya shafa ya isa ya hana mu ɗaukarsa a matsayin larurar wasu 'yan gidaje. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai lura da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun taɓa wani abin maye cikin shekarar da ta gabaci binciken, ban da barasa da sigari, miliyan 10.6 daga cikinsu tabar wiwi ce, miliyan 4.6 kuwa magungunan kashe zafi ne irin su tiramol da kodin, wasu kuma suna haɗa fiye da ɗaya. Ɗaya daga cikin kowane mutum huɗu mace ce, ɗaya daga cikin biyar kuma ya riga ya kai matsayin da ba ya iya bari da ƙashin kansa. A jihar Kano kaɗai an ƙiyasta fiye da mutum miliyan ɗaya. Idan mai hankali ya ɗora wannan adadi a gefe ɗaya, ya ɗora gadajen asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa da Kware da Maiduguri da Dawanau a ɗaya gefen, sa'an nan ya tuna cewa likitocin wannan fanni a duk faɗin Nijeriya 'yan ɗaruruwa ne kawai, zai gane cewa galibin waɗanda za su warke a cikin gida za su warke, a tsakanin dangi da maƙwabta da abokan sana'a, kuma mu ɗin nan ne masu jinyarsu, ko mun shirya ko ba mu shirya ba.

To, mai jinya kuwa wajibi ne ya san cutar. Wanda ya daɗe yana shan tiramol ko kodin, idan ya yanke dare ɗaya, ciwon gaɓoɓi da gumi da amai da zawo da rashin barci kan taso masa gaba ɗaya, su galabaitar da shi mako guda ko biyu, sa'an nan su lafa. Wanda ya saba da barasa ko ƙwayoyin sa barci irin su diazepam da rochi, nasa ya fi haɗari, domin yankewa farat ɗaya na iya jawo masa farfaɗiya har da ajali, shi ya sa ba ya halatta a kulle irinsa a ɗaki ba tare da likita ba. Sai dai wannan mataki, duk da tsananinsa, shi ne gajere. Mai tsawon shi ne wanda ke biyo baya, lokacin da jiki ya murmure, fuska ta ciko, iyaye suka yi hamdala suna zaton an gama, alhali marmarin abin yana nan kwance cikin ƙwaƙwalwa, yana jiran lungun da aka saba tsayawa, ko muryar tsohon aboki, ko kuɗi a aljihu ranar ɓacin rai. Likitocin da suka bi diddigin majinyata a Amurka sun tarar cewa kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari kan koma aƙalla sau ɗaya, kuma wannan adadi bai yi nisa da na masu hawan jini ko asma da cutarsu kan tashi bayan ta kwanta ba.

Rashin sanin wannan, tare da ƙarancin wurin zuwa, shi ya cika gidajen mari. A ƙarshen watan Satumba na 2019 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutum fiye da 300, manya da yara, da yawansu sarƙa a ƙafa da tabon bulala a gadon baya. Bayan 'yan makonni aka fito da 67 a Daura, aka kuma rufe wasu gidajen a garuruwa dabam-dabam. Ni ba na cikin masu zagin iyayen da suka kai 'ya'yansu can, domin uwar da ɗanta ya sayar da tukwanenta, ya ɗaga mata hannu, ta nemi taimako gabas da yamma ba ta samu ba, ba mugunta ce ta kai ta ƙofar gidan mari ba. Amma tausayin uwa ba ya mayar da azaba magani. Akwai kuma wata illa da kowane uba ya kamata ya sani: mutumin da aka tsare watanni ba ya shan komai, jikinsa kan manta da juriyar da ya saba, saboda haka idan ya fito ya haɗiye adadin da yake sha a da, wannan adadin na iya tsayar masa da numfashi. An tabbatar a ƙasashe da yawa cewa makonnin farko bayan fita daga kurkuku ko wurin tsarewa su ne mafi haɗari ga rayuwar mai shan irin waɗannan magunguna. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a farkon 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi haƙƙoƙin majinyata a rubuce, amma rubutun bai ce komai ba game da wanda zai tari yaro a ƙofar gida ranar da aka sallamo shi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, mu da muke tsananta wa mashayi da sunan addini, shari'ar da muke jingina da ita ta fi mu sanin raunin ɗan Adam nesa ba kusa ba. Kiyaye hankali yana cikin larurori biyar da malaman usulu suka ce shari'a ta zo domin tsare su, kuma babu saɓani a kan haramcin duk abin da ke gusar da shi. Duk da haka, al'ummar farko ba a raba ta da giya rana ɗaya ba. An bi da ita bisa tadriji: ayar Baƙara ta fara bayyana cewa zunubinta ya rinjayi amfaninta, ayar Nisa'i ta hana kusantar salla cikin maye, har lokutan sha suka ƙuntata a tsakanin salloli biyar, sa'an nan ayar Ma'ida ta zo da hani yankakke a Madina, bayan an shafe shekaru ana gina imani da 'yan'uwantaka. Uwar Muminai A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta bayyana hikimar haka a cikin abin da Bukhari ya ruwaito, inda ta nuna cewa da haramcin giya aka fara saukarwa, da mutane sun ce ba za su bari ba har abada. Hukunci ya riga ya tabbata, ba mai sassauta shi a yau. Amma darasin tarbiyyar da ke cikin wannan tsari bai shafe ba, watau cewa zuciya tana bukatar abin riƙewa kafin a ɓamɓare mata abin da ta riƙe.

Bukhari ya kuma kawo labarin wani sahabi mai suna Abdullahi, wanda aka sani da barkwanci har yakan sa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, dariya. An sha kawo shi saboda shan giya, ana yi masa haddi, yana komawa. Wata rana da aka sake kawo shi, wani daga cikin jama'a ya gaji ya tsine masa saboda yawan kawo shin da ake yi, sai Annabi ya hana tsinuwar, ya kuma shaide shi da son Allah da Manzonsa. A wata ruwayar ta Abu Huraira, da aka yi wa wani mashayi addu'ar kunyata bayan an hukunta shi, Annabi ya hana, ya nuna cewa yin haka taimakon Shaiɗan ne a kan ɗan'uwa. A lura da kyau: ba a ɗage haddin ba, ba a ce abin da ya yi daidai ne ba, amma ba a cire shi daga jama'a ba, ba a kuma ɗauki komawarsa sau da yawa a matsayin hujjar cewa imaninsa ya ƙare ba. Duk lokacin da na ji uba ya ce ya sallama ɗansa ga duniya, ko na ji an ce wa mai tuba tubar muzuru yake yi tun bai cika wata guda ba, wannan hadisi ne ke faɗo mini.

Bari mu dubi yadda dawowar take a unguwanninmu. Saurayi ya fito daga asibiti ko ya bari a gida, ya yi aski, ya fara tsayawa a sahu. Maigidan da yake koyon aiki a wurinsa ya riga ya ɗauki wani. Idan ya shiga ɗaki sai a tattara waya da kuɗi a gabansa. Idan allura ta ɓace a gidan, shi za a fara kallo. Gidan da ya je neman aure, kafin ya kai gaisuwa ta biyu labari ya riga shi. Majalisar mutanen kirki, idan ya zauna, sai hira ta mutu. A duk faɗin garin wuri ɗaya ne tak ake murna da ganinsa, ake matsa masa ya zauna, ake kiransa da sunan da ya saba, kuma can ne ake miƙa masa abin da ya gudo dominsa. Ba na cewa tsoron da dangi ke ji ba shi da tushe, domin wanda aka yi wa sata sau goma yana da uzurin ɓoye jakarsa. Abin da nake cewa shi ne, idan kowa ya tsaya a kan uzurinsa, sakamakon tarin uzurorin shi ne an mayar da yaron hannun dila.

Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, kuma ilmin zamani ya gaskata su ta wata hanya mai ban mamaki. A 1971 gwamnatin Amurka ta firgita da yawan sojojinta da suka kamu da hiroyin a yaƙin Biyetnam, sai aka ɗora wa wata malama, Lee Robins, aikin bin sawunsu bayan sun koma gida. Kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda ta bincika sun kamu a can, amma cikin shekarar farko da komawarsu kashi 5 cikin ɗari kawai na waɗannan suka sake kamuwa, cikin shekara uku kuma kashi 12. Sun bar wurin, sun bar abokan shan, sun koma inda ake jiransu da aiki da iyali. Malamanmu sun daɗe suna karantar da labarin mutumin da ya kashe rayuka ɗari, wanda malamin da ya buɗe masa ƙofar tuba ya haɗa masa da umarnin ya bar ƙasarsa ya tafi inda salihan bayi suke. Sai dai talakan Fagge ko Tudun Wada ba shi da wata ƙasar da zai yi hijira zuwa gare ta. Hijirarsa ita ce ya sami wata majalisar a cikin garin nan, kuma a nan ne nake ganin mun bar wata dukiya tana lalacewa.

Dukiyar kuwa ita ce waɗanda suka sha suka bari, suka yi shekaru a kan istiƙama. Suna nan da yawa a cikinmu, direbobi da teloli da malaman makaranta da 'yan kasuwa, amma kunya ta sa kowannensu ya binne tarihinsa, har ya zama wanda ya fi kowa sanin hanyar fita shi ne ya fi kowa yin shiru. A watan Mayu na 1935 wani dillalin hannun jari mai suna Bill Wilson, wanda bai fi wata biyar da barin barasa ba, ya sami kansa a garin Akron na jihar Ohio, cinikin da ya kai shi ya rushe, marmarin sha ya taso masa a harabar masauki. Abin da ya yi shi ne ya nemi a haɗa shi da wani mashayi ɗan'uwansa domin su yi magana, aka haɗa shi da wani likitan fiɗa, Bob Smith, ya kuma gaya masa a fili cewa shi ne mabukaci, domin ba zai iya riƙe kansa ba sai yana ƙoƙarin riƙe wani. Daga wannan zama ƙungiyar Alcoholics Anonymous ta samo asali, daga bisani ta masu ƙwaya, Narcotics Anonymous, ta biyo baya a 1953. Kada wani ya ce wannan al'adar Nasara ce da ba za ta zauna a ƙasar Musulmi ba: tsarin ya shiga Iran cikin shekarun 1990, ya yi yaɗuwar da ta sa ƙasar ta zama cikin mafi yawan irin waɗannan zaurukan a duniya, Musulmin Baltimore kuma sun kafa nasu mai suna Millati Islami a 1989 bisa koyarwar Alƙur'ani da Sunna.

Sirrin abin ba ɓoyayye ba ne. Wanda ya taɓa sha ya san ƙaryar da mai sha ke yi tun kafin ya gama furta ta, domin shi ma ya yi ta. Ya san sa'ar da marmari ke tsananta. Kuma idan ya ce za a iya bari, jikinsa ne hujja. Nasihar liman tana da matsayinta, maganin likita yana da nasa, ba kuwa wanda zai maye gurbinsu, amma liman da likita ba su ne za a buga wa waya ƙarfe biyun dare ba. Shi ma mai taimakon yana tsare kansa ne da taimakon, domin duk ranar da ya zauna da sabon shiga yana tuna inda ya fito, kuma mutumin da aka daɗe ana kallonsa a matsayin nauyi a kan dangi ya wayi gari wani yana dogara da shi.

Na san malamai za su kawo shubuha biyu, kuma dukansu suna da nauyi. Ta farko ita ce, addini ya yi umarni da sitiri, ya kuma yi gargaɗi mai tsanani ga masu bayyana saɓonsu bayan Allah ya rufa musu asiri. Amsa ita ce akwai bambanci tsakanin mai tallar zunubinsa yana alfahari da mai faɗar cutarsa ga wanda zai taimake shi, kamar yadda fuƙaha'u suka halatta wa mai neman fatawa da mai neman magani su faɗi abin da larura ta bukata. Shi ya sa sharaɗin farko na irin wannan zama shi ne amana, abin da aka faɗa a zauren ba ya fita, ba a rubuta suna, ba a ɗaukar hoto, ba a gayyato mai kallo. Ta biyu ita ce tsoron kada tara su wuri ɗaya ya zama sabuwar matattara. Wannan yana iya faruwa idan aka tara sababbin shiga zalla aka bar su, saboda haka jagorancin ya kasance a hannun waɗanda suka daɗe da bari, a kuma haɗa zauren da wani asibiti ko ma'aikacin lafiya da za a miƙa masa wanda jikinsa ke bukatar magani, ko wanda ciwon damuwa ne ya jefa shi cikin shan tun asali.

Ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan a yi jinya cikin jama'a. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara sauke masu taɓin hankali a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro na Abeokuta, kowane majinyaci tare da wani ɗan'uwansa, suna karɓar magani da rana suna kwana cikin mutane, kuma duniya ta zo ta koyi wannan tsari daga Nijeriya. Abin da ake bukata a wurinmu bai kai haka tsada ba. Aji ɗaya na makarantar Islamiyya bayan sallar isha'i, ko zauren mai unguwa, sau biyu a mako, ya wadatar. Masu sana'a su karɓi almajiri ɗaya daga cikin masu tuba, su fara ba shi amanar abin da ba zai karya su ba idan ya salwanta, su riƙa ƙarawa gwargwadon abin da suka gani. Dangi su ciyar da shi su biya kuɗin maganinsa da hannunsu, su rage ba shi tsabar kuɗi a watannin farko, kada kuma su rufe masa ɓarnar da ya yi wa wani, domin mayar da haƙƙi yana cikin sharuɗɗan tuba tare da nadama da dainawa da azamar rashin komawa. Idan ya zame, a kai shi ga likita a ranar, a bar masa wurin zamansa a zauren.

Mata kuwa lamarinsu ya fi tsanani, domin kunyar da ke kansu ninki ce, kuma matar aure da ta kamu da kodin a cikin ɗakinta ta san cewa ranar da asirinta ya tonu tana iya rasa aure da 'ya'ya gaba ɗaya, saboda haka takan zaɓi ta mutu da abin a ciki. Zaurensu ya zama nasu su kaɗai, a hannun mata, a inuwar makarantun matan aure da suka riga suka cika unguwanni, inda fitar mace ba ta jawo tambaya.

Saura mas'alar da ta fi ci wa masu tuba rai, watau yaushe ne za a daina kiransu da abin da suka bari. Fuƙaha'u sun tattauna wannan a babin shaida, suka ce fasiƙin da ya tuba ana karɓar shaidarsa idan gyaruwarsa ta bayyana; da yawa daga Shafi'iyya sun ƙayyade shekara guda ta gwaji, Malikiyya kuma suka bar abin ga bayyanar alamun salaha ba tare da ƙayyade lokaci ba. Ko ta wace mazhaba aka bi, akwai ranar da alƙali zai zaunar da mutumin ya karɓi maganarsa a kan dukiya da aure. Saboda haka idan aka zo bincike a kan mai neman aure ko mai neman aiki, wanda aka tambaya ya faɗi gaskiya dukanta: ya sha, ya bari shekara kaza, ga sana'arsa, ga kuma mutanen da suke zama da shi duk mako da za su iya shaida halinsa. Waliyyin yarinya yana da haƙƙin ya ji rabin farko, saurayin kuma yana da haƙƙin a faɗi rabin na biyu.